Tsohon kan jirgi mai dizal: yadda za ka ɗauke shi hoto, ka kuma san ko wane ne

Tambaya: Malam, barka da aiki. Akwai wani ƙaramin layin dogo da nake zuwa kallo, inda wani tsohon kan jirgi mai dizal yake jan taragun kaya 'yan kaɗan, sau biyu ko uku a mako. Na ɗauke shi hoto ya fi a ƙirga, amma duk hotunan kamar guda suke, ƙasan jirgin kuma baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Da na bi lambar da ke jikinsa don in san tarihinsa, sai na faɗa kan wani jirgi daban. Ina kuskuren yake?

Amsa: Barka kadai. Bari in fara da maganar lamba, don ita ce ta fi kayar da mutane. Babbar lambar da aka rubuta da fenti a jikin kan jirgi ba sunan yanka ba ce, laƙabi ne da mai shi na yanzu ya sa masa. In aka sayar da shi, sabon ubangida ya shafe fenti, ya sa tasa lambar. Tsohon kan jirgi da ya ƙare a ƙaramin layi kuwa da wuya a ce bai ratsa hannu uku ko huɗu ba. Manyan kamfanoni ne ke sayen sababbi, su more su shekara ashirin ko talatin, sannan su sallama wa ƙanana. A Amurka abin ya yawaita bayan dokar Staggers ta 1980, wadda ta sauƙaƙa wa manyan kamfanoni rabuwa da rassan da ba sa kawo musu riba. Ƙananan kamfanoni suka karɓi rassan, suka kwashi tsofaffin kawuna da araha.

Sunan yankan yana kan wani ɗan allon ƙarfe da kamfanin da ya ƙera jirgin ya manna, galibi a gefen gangar ƙasa, kusa da ɗakin direba. Bai fi tafin hannu biyu ba. A kansa akwai sunan kamfanin, lambar ƙira, da wata da shekarar da aka gama shi. Sau da yawa za ka tarar fenti ya hau kansa har rubutun ya cike, ko maiƙo da ƙura sun rufe shi. Kada ka ɗauke shi gaba da gaba. Tsaya daga gefe, hasken rana ya shafo shi a karkace, sai haruffan su yi 'yar inuwa su fito. Wannan hoton ba mai kyau ba ne, ba wanda zai yaba maka, amma a wurina ya fi sauran goman daraja. Wani lokaci ka tarar allon babu, sai ramukan kusoshi huɗu; ɓarayin kayan tarihi sun riga ka.

In allon babu, sai ka koma ga siffa. Ƙirga ƙafafun da ke gefe guda. Kamfanin EMD na Amurka, mai ƙera kawunan jirgi, yana kiran masu huɗu GP, masu shida SD. GP7 ya fito a 1949 da ƙarfin doki 1,500, GP9 ya biyo shi a 1954 da 1,750, aka ƙera fiye da 4,000, shi ya sa har yau ake cin karo da shi. Gangar jikinsu mai kusurwa ce kamar akwati. RS-3 na kamfanin ALCO, wanda aka ƙera daga 1950 zuwa 1956, kafaɗunsa a zagaye suke, ɗakin direba ya ɗara ganga tsawo. Amma siffa ma tana yaudara. An yanke wa GP9 da yawa hanci don direba ya ga gabansa. Kamfanin Santa Fe kuwa, a cikin shekarun 1970, ya ɗauki tsofaffin kawuna samfurin F masu zagayayyen hanci, ya tuɓe musu riga gaba ɗaya a Cleburne ta jihar Texas, ya fito da 233 da ya kira CF7, da yawansu kuma ƙananan layuka suka gāda. Wanda ya kalli CF7 ba zai ce shi ne mai zagayayyen hancin nan na da ba.

Kunne bai cika yin kuskure irin na ido ba. Injin EMD 567 mai bugu biyu ne, kowace silinda tana cin fiye da lita 9, kuma GP9 yana da 16. Ƙararsa a jere take, kamar mai rera abu guda ba numfashi. Na ALCO mai bugu huɗu ne da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, in yana tsaye sai ka ji yana tari yana gurnani kamar zai mutu, ba kuwa zai mutu ba. Da direba ya ƙara masa wuta, mai yana riga iska isa, saboda turbo bai gama ɗaukar gudu ba, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama na ɗan lokaci. Masu sha'awa kan tsokane shi cewa ɗan uwan jirgin gawayi ne. ALCO ya daina ƙira a 1969, don haka duk wanda ya fito daga masana'antarsa ya haura shekara hamsin. Layin Delaware-Lackawanna da ke Scranton a jihar Pennsylvania ya yi suna saboda su. Ka kunna bidiyo ko da na minti ɗaya ne, ka yi shiru, ka bar shi ya ɗauki ƙarar.

Baƙin ƙasan da kake kuka da shi laifin rana ne. Da tsakar rana haske yana saukowa daga sama, ganga ta yi wa ƙafafu da tankin mai inuwa, su kuma dama baƙaƙe ne. Je ka da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka, ta yi ƙasa har ta leƙa ƙarƙashin jirgin. Tsaya inda za ka ga goshi da gefe tare. In kyamararka tana bari a saita saurin ƙyaftawa, 1/500 na daƙiƙa ya wadatar, domin a yawancin irin waɗannan layuka jirgi ba ya wuce kilomita 16 zuwa 40 a awa. Ranar hadari ma ba asara ba ce. A nan tsatsa da tsohon fenti ke nuna kansu, har ka hango inuwar sunan ubangidan farko a ƙarƙashin sabon fenti.

Dalilin da ya sa hotunanka suke kamar guda kuwa, na tabbata kana cika hoton da jirgin ne kaɗai. Ja da baya. Bari gada ta shigo, ko rumbun da ake yi wa lodi, ko ciyawar da ta cinye tsakanin dogo, ko ma'aikacin da ya sauko yana juya hannun sauya layi, in ya yarda a ɗauke shi. Wurin ma yana ɓacewa, wani lokaci ya riga jirgin. Masana'anta guda ta rufe, layin ya rasa kaya, a tumɓuke dogo. Hoton da ba a ga inda aka ɗauke shi ba, bayan shekara goma kai kanka ba za ka tuna ba.

Kada ka hau kan dogo, kada ka shiga farfajiyar kamfani ba izini, kada kuma ka leƙa allon nan sai jirgi yana tsaye kuma ma'aikata sun ce bismilla. Gangar jirgi ta fi dogo faɗi da kusan mita guda a kowane gefe, taragon da aka turo shi kaɗai kuma yana tahowa shiru.

Ranar da ka dawo, kafin ka kwanta, rubuta kwanan wata, wuri, lambar fenti, lambar allo, yawan taragu da abin da suka ɗauko. Sa kwanan watan a sunan hoton, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Sai ka sake neman tarihin naka da lambar allon, tare da sunan kamfanin da ya ƙera shi.