Hajiya, kafin a ɗora sabuwar kwalta a filin nan, ji abin da ya same ni

Assalamu alaikum Hajiya. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kike bayarwa. Kin ce kwaltar wurin ajiye motoci na gaban makarantarki a Zariya ta haura shekara 10, ta tsattsage, bakin get ya yi ramuka, ruwa yana kwanciya, kuma wani ɗan kwangila ya ce ba sai an fasa komai ba, zai ɗora sabuwa mai kaurin inci 1 a kai cikin kwana 2 a wannan dogon hutun. Kina son sanin ko ki yarda, ko kuwa a kwashe duka a sake. Don girman Allah kada ki ba shi ko sisi tukuna.

Waɗanda muka daɗe tare a wannan dandalin sun san ɗakin taron bikin da na zuba kuɗin sallamata a ciki a Kaduna, ba sai na maimaita ba. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne yadda aka yi da ni a kan filin motocinsa, don har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Shekarar da aka cire tallafin mai ce, 2023. Kin san yadda kaya suka riƙa tashi kowane mako, ita kuwa kwalta yawancinta daga waje ake shigo da ita, dala na motsawa ita ma ta motsa. Mutumin da ya yi mini aikin ba baƙo ba ne. Surukina ne ya kawo shi, kuma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Ya zagaya filin bai fi minti 10 ba, hannunsa cikin aljihu, bai ko sunkuya ya duba tsaga ɗaya ba. Ya ce: "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, riga kawai za mu sa mata. Amma in ka ƙara sati ɗaya kuɗin nan ba zai isa ba." Wannan maganar ce ta kama ni. Na ba shi fiye da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, babu takarda, babu shaida, sai musabaha.

A watan Yuli aka yi aikin. Da asubahin ranar an yi ruwa. Tifofin ba su iso ba sai bayan magariba, shi kuma ya ce in je gida in huta, da safe in zo in ga aiki. Na tafi, Hajiya. Wannan tafiyar ce nake cizon yatsa a kanta. Da safe na tarar da fili baƙi wuluk yana sheƙi, na yi masa addu'a, na ba leburori na goro, har hoto na tura wa 'ya'yana.

Sai daga baya mai gadina ya gaya mini abin da idonsa ya gani. Ba su share filin ba. Ramukan da ruwa ke ciki, ƙasa suka watsa suka bi ta kai. Tifofin a buɗe suka zo babu tamfol, kwaltar har ta fara dunƙulewa, da shebur da manjagara aka riƙa farfasa ta. Rolar da ke danne kwaltar kuwa 'yar ƙarama ce irin wadda mutum ke turawa. Na ce masa don me ba ka kira ni ba? Ya ce ya ga mutumina ne.

Ba a yi wata biyu ba. Wata Asabar a ƙarshen Agusta muna da ɗaurin aure da walima, an cika maƙil, aka tsuge da ruwa tun azahar. Bas ɗin da ya kawo dangin amarya ya zo juyawa a bakin get, sai kwaltar ta ɗago a ƙarƙashin tayarsa kamar an kankare ƙanzo daga gindin tukunya. Falle guda, da hannu za ki iya ɗaga shi. Tayar ta nutse cikin jan taɓo. Get ya toshe, motar amarya na waje, motoci sun yi layi har titi ana ta hon. Mata da leshi da takalma masu tsini suka riƙa sauka cikin caɓi, wata dattijuwa ta zame ta faɗi a gabana, ni da kaina na kama ta, babbar rigata ta yi kaca-kaca. Baffan amarya bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce: "Alhaji, mun amince maka da ranar 'yarmu." Ban iya ce masa komai ba. Daren nan ban runtsa ba, uwargida tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa fuskar dattijuwar nan kawai nake gani. Na mayar musu da wani abu daga cikin kuɗinsu, amma labari ya riga ya zaga gari, biki biyu aka janye mini bayan nan.

Na kira mutumin ya fi a ƙirga bai ɗauka ba. Da na tare shi bayan sallar isha'i, buɗar bakinsa sai ya ce ruwan sama daga Allah ne, shi ba ya da iko da damina. Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Ka ci kuɗin mutum, ka yi masa ha'inci cikin dare, sannan ka fake da sunan Allah. Na so in kai shi ƙara, surukina ya zo da manya aka ce in dubi zumunci. Na bari, amma ban yafe ba, kuma har gobe in muka haɗu a sahu ni ne nake kawar da kai, shi ko a jikinsa.

Ki yi haƙuri na yi nisa. Ga abin da na koya bayan nan daga wani tsohon injiniyan ma'aikatar ayyuka da ya yi ritaya, Allah ya saka masa da alheri.

Ɗora sabuwar kwalta a kan tsohuwa ba yaudara ba ce, aiki ne da ake yi ko'ina kuma yana daɗewa, amma sai in ƙasar da ke ƙarƙashi lafiyarta ƙalau. Da injiniyan ya zo wurina diga ya sa aka haƙa. Abin da na biya a matsayin inci 2, wato kamar santimita 5, a wasu wuraren bai kai santimita 2 ba. Ƙarƙashinta tsohuwar kwalta ce a farfashe, ƙarƙashin wannan kuma tsakuwa da jar ƙasa sun jiƙe sharkaf. Ya ce ko kwaltar titin jirgin sama aka ɗora a nan sai ta tashi. To ki je ki dubi irin tsagar da ke filinki. In dogayen tsaga ne jefi-jefi, ko fuskar ce ta koɗe tsakuwa na zubewa, wannan tsufa ne, a cike tsagar a ɗora sabuwa. In kuwa kin ga ƙananan tsaga sun haɗe da juna kamar fatar kada, wurin ya mutu daga ƙasa. Dole a yanke shi murabba'i, a haƙa har a kai ga ƙasa mai ƙarfi, a sake zuba tsakuwa a daddanne, a yi faci, sannan a zo maganar shimfiɗa. Duk tsagar da aka rufe ba a gyara ba, za ta biyo sabuwar ta fito a daidai inda take. Bakin get ɗinki da kika ce ya yi ramuka, ina kyautata zaton irin wannan ne, don nan kowace mota ke taka birki tana murɗa taya. Ba lalle sai an kwashe filin duka ba, wurina ma kashi ɗaya cikin uku aka haƙa.

Tunda damina ake, ki ci moriyarta. Da an ɗauke ruwa ki fita da fenti ki zagaye duk inda ya kwanta. Ki sa tankar ruwa cike ta bi filin a hankali, wani yana tafe a gefen taya yana kallo. Inda ƙasa ta lotsa ta dawo, ko jan ruwa ya tsarto daga tsaga, ki yi masa alama. Kuma ki bi ruwan da ƙafa ki ga ina yake fita. Ni lambatuna ne ya toshe da ledojin ruwa da yashi shekara da shekaru, ga indararon rufin ɗakin taron yana zuba kai tsaye a kan filin. Ruwa ne ya kashe mini kwalta ta farko, ba motoci ba. Fili yana son gangare kamar santimita 2 a kowace mita zuwa lambatu. In ɗan kwangilarki bai yi maganar ruwa ba ko sau ɗaya, wannan kaɗai ya isa ki sallame shi.

Inci 1 ɗin nan kuwa ban yarda da shi ba. Santimita 4 zuwa 5 ake so, kuma ki tabbata an rubuta cewa kaurin bayan rola ta danne ne, don tana raguwa sosai in an danne ta. A nan suke cin mutane. Lissafin ba wuya: tan 1 na kwalta yana rufe kusan murabba'in mita 8 in kaurin santimita 5 ne. Fili mai murabba'in mita 1,000 zai ci wajen tan 120. Ki sa a auna miki filin, ki ce kowace tifa ta zo da takardar awo daga inda aka dafa kwaltar, ki karɓa da hannunki ki tara. Ni a aiki na biyu kujera na sa a gindin dalbejiya tun safe, da doguwar ƙusa da na yi wa alama, ina bin bayan injin shimfiɗa ina cakawa. Wasu sun ce na cika ƙwaƙwa. Su faɗa.

Af, dalbejiyar nan ma, in akwai irinta kusa da filin ki duba saiwarta, tana ɗaga kwalta daga ƙasa. Haka inda janareta ke ɗigar da gas ko inda direbobi ke juye baƙin mai, man yana narkar da kwalta ta yi laushi, sai an yanke wurin an zubar, sabuwa ba ta kama shi.

Kuma kada ki yarda a yi cikin Agusta. Na san dalilinki, yara ba sa nan, amma dogon hutunmu ya faɗo a tsakiyar ruwa. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen wuri. Ki yi gyaran lambatu yanzu, ki cike ramukan da tsakuwa a lallaɓa a koma makaranta, shimfiɗa kuma a bari sai hutun Disamba. Shi ma da rana tsaka, ba da sassafe cikin hunturu ba, don iska na saurin sanyaya ta. Ana son ta iso da zafi kamar digiri 140 zuwa sama, a danne ta tun ba ta huce ba. In daga Kaduna za a ɗauko miki, tafiyar kusan kilomita 80 ce, dole a rufe da tamfol, kuma babbar rola ta riga tifa isowa. Kafin nan a share filin tas, a fesa ruwan kwaltar nan da masu aikin ke kira tak-kot ko'ina bai ɗaya, a bari ya juya daga ruwan ƙasa zuwa baƙi. Shi ne gam ɗin da ke haɗa tsohuwa da sabuwa. Rashinsa ne ya sa tawa ta ɓare falle guda. Nawa mutumin da gwangwani mai huji ya ɗan yayyafa a inda ido zai gani.

Wani abin da ba wanda ya gaya mini: filin zai ƙara tudu da santimita 5. Ki duba ƙasan get ko zai buɗu, ki duba dokin ƙofar azuzuwan da ke kusa, kada ki gyara fili ki tura ruwa cikin aji. Ana sassaƙe tsohuwar a gefe-gefe don sabuwar ta zauna daidai da baki. Bakin get ɗina kuwa a ƙarshe kankare na zuba da rodi, saboda tankar ruwa da motocin masu kawo rumfa da kujeru. Ke ma in bas ɗin yara a nan yake juyawa kullum, ki yi tunanin kankare ko intalok a wannan gurbin kaɗai.

Batun kuɗi, Hajiya, ko ɗan ɗakinku ne a rubuta. Faɗin fili, kauri bayan dannewa, wuraren da za a haƙa, tak-kot, irin rolar, duk a takarda da shaidu. Ki biya kashi-kashi, ki riƙe wani abu sai damina ɗaya ta wuce a kai. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ki ce ya kai ki wurin da ya yi shekara 3 da suka wuce, ba na watan jiya ba, kowace kwalta kyakkyawa ce a satin farko. Ni sau biyu na biya kuɗin fili ɗaya, na biyun sai da uwargida ta sayar da sarƙarta, abin da har yau ban samu na mayar mata ba.

In an yi ruwa gobe ko jibi, ki ɗauki hoton bakin get da inda ruwan ke kwanciya, da na tsagar daga kusa, ki ajiye biro a gefe don a gane faɗinta, ki turo. Zan kai wa injiniyan nan ya duba, duk Juma'a muna haɗuwa. Kuma ranar aikin, ko me za a ce miki, kada ki tafi gida.