Hotuna masu walƙiya a waya suna auna ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Maradi. Ɗan yayata mai shekara 9 yana da farfaɗiya, yana shan Gardénal. Wani mai magani ya ce zai auna ƙwaƙwalwarsa da hotuna masu walƙiya a waya, wai haka Turawa ke yi, in bai faɗi ba to ya warke, a bar ƙwaya. Har ta ba shi jikka 5. Hankalina ya ƙi kwanciya. Akwai irin wannan awon?

Amsa: Malama, ki fara tabbatar da yaron ya sha maganinsa na yau, sannan ki karanta sauran.

Awon akwai shi, amma mutumin nan jin ƙishin-ƙishin ya yi. Hanyar bincike ce, Bruno Rossion da abokan aikinsa a Beljiyam da Faransa suka yi fice a kanta. Ana sa wa mutum hular EEG, wato na'urar da ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, hotuna na wucewa 6 a daƙiƙa: kujera, tsuntsu, mota, fure, na biyar fuskar mutum. Fuska ke nan tana dawowa sau 1.2 a daƙiƙa. In ƙwaƙwalwa na bambanta fuska da tarkacen, sai a ga motsinta ya ɗaga daidai kan 1.2, galibi ta bayan kunnen dama. Ba a tambayar mutum komai, shi ya sa a 2015 aka iya gwada jarirai 'yan wata 4 zuwa 6. Abin burgewa ne, na yarda. Amma yadda ake gane abu yake aunawa, ba warkewar farfaɗiya ba.

To ina hular EEG a hannun mai maganin? Da me zai karanta amsar, da ido?

Maganar "bai faɗi ba, ya warke" ita ke ƙona mini rai, don kullum sai na ji irinta. Cikin masu farfaɗiya 100, kimanin 3 zuwa 5 ne kawai walƙiya ke tayar wa ciwo. Sauran ko wuni suka yi gaban wayar ba abin da zai same su, alhali ciwon na nan daram. Sai a ce an warke, a jefar da ƙwaya. Kin san aikin Gardénal in aka yanke shi farat ɗaya: faɗuwa kan faɗuwa, yaro bai farfaɗo ba wata ta biyo. Haka ake kawo mana su da tsakar dare, harshe a tattaune, uwa riƙe da ƙullin hayaƙi. In kuwa yaron yana cikin 'yan kaɗan ɗin, wayar ce za ta kayar da shi. A Japan, a Disamban 1997, walƙiyar ja da shuɗi a wani katun na talabijin ta kai yara sama da 600 asibiti. Mu ma mukan kunna fitila mai walƙiya lokacin EEG, amma da na'ura a kan yaro, da hannu a kan makunni.

Ku ci gaba da maganin har likitansa ya ce a rage. In walƙiya ta rutsa da shi, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kau da kai. Runtse ido kawai bai isa ba. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali, ya wuce minti 5 a garzaya asibiti. Jikka 5 kuwa, ki ce wa yayarki ta bar masa, kar dai ta kai yaron.