Kafin ka cusa sassaƙen nan a jaka

Ƙanena, na ga saƙonka, kuma kai ne na huɗu a watan nan. Ka ce akwai wani sassaƙe da ka tace ruwansa, ka ɗiga wa ƙwayoyin sankarar jini a ɗakin gwaji suka mutu, don haka in haɗa ka da farfesa ya ɗauke ka digiri na uku.

Ruwan batir ma yana kashe su. Kada ka ji haushi, ni ma haka aka gaya mini a satina na farko, a gaban ɗalibai, har na rasa inda zan sa kaina. Kashe ƙwayar sankara a farantin gwaji ba wuya. Wuyar ita ce a kashe ta a bar ɓargo da hanta da ƙodar mara lafiya.

Ba wai tsirrai ba su da magani ba. Vincristine, wanda ake yi wa yara masu sankarar jini allurarsa tun 1963, daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi. Amma ka san yadda aka yi? Maganin ciwon suga ake nema. A Kanada, Robert Noble da Charles Beer suka lura ruwan ganyen yana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye, daga nan aka ware vinblastine, ɗan'uwan vincristine daga fure guda, a 1958. Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya, kenan mai dafa ganyen ya sha bai sha magani ba. Shi kansa maganin yana taɓa jijiyoyi, yatsu su dinga dindiris. Homoharringtonine kuwa, wani maganin sankarar jini daga tsiro, likitocin Sin sun fara gwada shi tun shekarun 1970, Amurka ba ta amince da shi ba sai 2012. Ƙirga shekarun da kanka.

Ni shekara uku na yi a kan sinadari guda. A faranti kamar yankan wuƙa. Da muka kai shi jikin ɓera, hanta ta narkar da shi kafin ya isa ɓargo; muka ƙara yawansa, ɓerayen suka fara mutuwa. Mai duba aikina bai ko ɗago kai ba, ya ce in canza batu, alhali saura shekara ɗaya tallafina ya ƙare. Ranar a bandaki na yi kukana. Na ƙi canzawa, na rubuta dalilin da ya sa ya gaza, da shi na gama, kuma shi ya samo mini aikin da nake yi yau. Ba wanda ya ɗaga mini ƙafa.

Sassaƙen kuma bar shi inda yake. Tun da yarjejeniyar Nagoya, wadda ƙasashe suka ƙulla kan amfani da tsirrai da sauran halittun wata ƙasa, ta fara aiki a 2014, jami'o'i da dama ba sa taɓa tsiron da ya ƙetaro iyaka ba takardar izini.

Abin da farfesa zai tambaya shi ne me hannunka ya iya. Ka taɓa rainon ƙwayoyin sankarar jini na ɗakin gwaji irin su K562 ko HL-60 wata guda ba su gurɓace ba? Ka ware sinadari ɗaya tsantsa, ko har yanzu jiƙo ne? Ka gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyi? Sau nawa ka maimaita? Turo mini amsoshin a shafi ɗaya, zan karanta ranar Lahadi.

Sannan ka ce wata baiwar Allah na son ta ajiye allurar asibiti ta koma shan jiƙon naka. Don girman Allah ka je ka hana ta yau ɗin nan.