Ashe ba olsa ba ce: kumburin fankiriyas a lokacin goyon ciki

Tambaya: Salam likita, ina da ciki wata bakwai. Kwanan baya ciwo ya turnuƙe ni a saman cibiya har yana bugowa ta baya, ga amai ba tsayawa, na ɗauka olsata ce ta tashi na yi ta shan maganin ƙwannafi amma ina! A asibiti suka ce fankiriyas ɗina ne ya kumbura saboda tsakuwa a matsarmama, wai sai an min aiki. Surukata ta ce kar in yarda. Don Allah ya zan yi? Daga wata baiwar Allah, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya raba lafiya. Fankiriyas wata gaɓa ce a bayan tumbi, ita ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) da ruwan narkar da abinci, kuma hanyarta ɗaya da ta matsarmama wajen zubawa cikin hanji, to in 'yar tsakuwa ta gangaro ta toshe wurin sai ruwan ya koma yana cin gaɓar da kanta. A masu ciki tsakuwar nan ce kan gaba wajen jawo ciwon, don sinadaran goyon ciki na sa matsarmama kasala, bayan tsakuwar sai yawan kitse a jini, kuma ciwon ya fi zuwa a watanni ukun ƙarshe ko bayan haihuwa.

Batun aikin cire matsarmamar kuma, ni dai ban goyi bayan Hajiya surukarki ba, duk da na san tausayinki take ji. In aka bar matsarmamar da tsakuwarta ciwon yakan dawo, kuma dawowar ce abin tsoro ga jariri, tana iya jawo naƙuda kafin lokaci. An fi son yin aikin daga wata na 4 zuwa na 6, ke kin ɗan wuce nan, shi ya sa likitocinki za su duba ko a yi yanzu ko a lallaɓa ki har ki sauka a yi daga baya. Ki je da maigida da Hajiyar su ji da kunnensu. Mutum na rayuwa lafiya lau ba matsarmama.

Kafin nan ki rage maiƙo sosai, soye-soye, man shanu, tsire mai kitse, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, kuma banda magungunan ciwo na kemis diclofenac da ibuprofen.

In ciwon ya dawo, ko zazzaɓi, ko ido ya yi ɗorawa, ko kika ji motsin yaro ya ragu, to asibiti ko da tsakar dare ne. Za su auna lipase, wani sinadarin narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa, a jini (in ya ninka ƙa'ida sau 3 alamar kumburin ce), su yi sikanin, su duba hawan jini ma don irin wanda ke kai ga jijjiga shi ma yana zuwa da ciwon saman ciki, sannan a sa miki ƙarin ruwa da allurar rage zafi.