Uwa ta samu taɓin hankali bayan saki: wa zai riƙe yaran?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tawa nake. Wana ya saki matarsa da yara biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace ƴar shekara 3. Tana da taɓin hankali mai tashi yana kwantawa. In ya tashi sai yaran su wuni ba a ɗora tukunya ba, har an taɓa tsintar ƙaramar ita kaɗai a bakin titi. Yana so ya kwashe su ya kai wa amaryarsa. Kakarsu ta wajen uwa tana da rai. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Asali riƙo na uwa ne. Annabi (SAW) ya ce wa matar da aka so raba ta da ɗanta ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. A mazhabar Malikiyya tana riƙe namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Karɓe yaro daga uwa a shekara 7 da wasu ke yi ba hukuncin Malikiyya ba ne.

Sai dai hankali sharaɗi ne, kuma malamanmu sun haɗa da wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya. Amma a yi hattara, ba surutun unguwa ke tabbatar da wannan ba. Mace da yawa tana shan maganinta, tana kula da ƴaƴanta tsaf; irin wannan ba a taɓa haƙƙinta. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta, alƙali ya yanke. Yarinya a bakin titi kuwa ba abin jira ba ne, a ɗauke su yau.

Zuwa ina? Nan ne wan naka zai yi kuskure. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta ce bayan uwa sai kaka, sannan ƴar'uwar uwa. Uba yana can baya. Tunda kakar na nan, in tana da ƙarfi, ita ce mai riƙo. Ci, sutura da kuɗin magani na yaran duk a wuyan uban suke, ko suna gidan wa.

Kada a hana ta ganinsu. Allah ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta (Baƙara: 233). In ta warke, riƙon ya koma hannunta, domin uzuri ne ya raba su, ba ita ta yafe ba. Danginta su yi mata addu'a, su kuma kai ta asibiti, ban da ɗauri ko duka.

Allah ne mafi sani.