Gas ne ya fara haska gidaje, daga baya ya koma kicin

Malam, ka tambaya ko tun asali an raba aiki ne, gas na girki, lantarki na haske. Ba haka abin ya faro ba. Na yi shekaru ina aikin wayarin a tsofaffin gidaje a Ingila, kuma sau da yawa in na fasa bango sai in tarar da siririn bututu an toshe bakinsa, daidai inda fitila take a da. Bututun gas ne, na haske. Ganin irin wannan ne ya sa na bi diddigin tarihin.

Wajen 1792 wani injiniya a Birtaniya, William Murdoch, ya haska gidansa da gas ɗin da ake samu in an gasa kwal. A 1812 aka kafa kamfanin gas a Landan, birane suka yi ta bi. Kusan shekara saba'in gas na cin karensa ba babbaka, duk da zafi da kunkunniyar da yake bari a silin. Sai ga ƙwan lantarki na Swan da Edison, kuma a 1882 Edison ya buɗe tashar wuta a titin Pearl na New York.

Da yawa sun ɗauka gas ya mutu ke nan. Ni kuwa nan ne labarin ya fi burge ni. Wani masani ɗan Ostiriya, Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro 'yar ragar nan da ake ɗora wa harshen wuta ta yi fari tas, hasken gas ya ninka, kuɗinsa ya yi ƙasa da na lantarki. Sannan kamfanonin gas suka fito da mita mai cin kwandala: ka jefa peni, gas ya zo, in ya ƙare ka ƙara. Suka riƙa shigar da bututu gidan ma'aikaci, su ba shi hayar murhu. Talaka da ba zai iya biyan kuɗin wata uku a dunƙule ba ya samu shiga. A ganina wannan mitar ta yi wa gas aikin da babu wata fasaha da ta yi masa, domin ko da ƙwan lantarki mai zaren tungsten ya ƙwace haske bayan 1910, gas ya riga ya kafa gindi a kicin.

Daga nan faɗan ya koma neman zuciyar uwargida. A 1924 aka kafa ƙungiyar mata ta lantarki a Birtaniya, Caroline Haslett na jagoranta, ana koya wa mata amfani da dutsen guga da murhun wuta. Masu gas ma suka kafa tasu ƙungiyar matan a 1935. A Amurka, daga 1956 kamfanonin wuta suka yi gangamin tallan gidan da komai nasa lantarki ne.

Gas ɗin kwal yana da mugun aibi: akwai guba a cikinsa, yoyo kaɗan yana kisa. Da aka gano gas marar wannan guba a ƙarƙashin Tekun Arewa, gabas da ƙasar, a 1965, Birtaniya ta ɗauki shekara goma, 1967 zuwa 1977, ana bi gida-gida ana sauya kan kowane murhu da na'urar ɗumama ruwa don su dace da sabon gas ɗin. Tun daga lokacin ɗumama ɗaki ya zama na gas a yawancin gidajen ƙasar.

Yanzu lantarki ya dawo neman kicin ɗin da ɗumamar, da murhu mai aiki da maganaɗisu da na'urar da ke jawo zafi daga iskar waje. Garin Berkeley a Amurka har hana bututun gas ya yi a sababbin gine-gine a 2019, kotu ta soke dokar a 2023. Ni ina goyon bayan sauyin, don hayaƙin gas a rufaffen kicin ba alheri ba ne ga ƙirjin yara. Amma abin da nake gani a wurin aiki yana damuna. Wata dattijuwa ta kira ni in haɗa mata sabon murhun lantarki, na duba na ga wayar gidan ba za ta ɗauki nauyinsa ba sai an ja sabuwa tun daga mita. Da ta ji kuɗin aikin, ta mayar da murhun kanti, ta ci gaba da gas ɗinta.