Ƙanena ya sha kofi biyu kacal, me ya sa aka kama shi a Sikotlan?

Tambaya: Barista, sannu da aiki. Ƙanena yana karatu a Newcastle ta Ingila. Ya ɗauki hayar mota ya je bikin abokinsa a Edinburgh ta Sikotlan, aka ba shi giya ya sha kofi biyu, Allah dai ya shirya. Wajen fitowa ya gogi wata mota da ke ajiye, mai ita ya kira 'yan sanda. Suka sa shi ya hura na'urar gwajin barasa, ta nuna 29. Shi kuma ya ce min iyakar Birtaniya 35 ce. Yanzu an ba shi ranar zuwa kotu, mai motar da ya goga kuma yana neman kuɗin da suka fi ƙarfin gyaran. Ni ina ganin don baƙo ne aka yi masa haka. Za mu iya yin ƙarar 'yan sandan? Kuma wai nawa doka ta yarda mutum ya sha?

Amsa: Malam, batun shan kansa na bar wa ku iyayensa da malamai. Zan tsaya kan doka, bisa abin da ka faɗa min kawai, don magana kan iya sauyawa idan aka buɗe takardu.

Lambar da ƙanenka ya riƙe gaskiya ce, amma ba ta inda ya tuƙa mota ba ce. A Ingila da Wales iyaka ita ce maikirogiram 35 na barasa a cikin mililita 100 na numfashi, wato miligiram 80 a cikin mililita 100 na jini. Sikotlan ta rage tata tun ranar 5 ga Disamba 2014, ta koma 22 a numfashi, 50 a jini. Dokar tuƙi guda ce, ta 1988, sashe na 5, amma ma'aunin ya bambanta. Wanda ya hau titin A1 daga Newcastle, yana wuce garin Berwick kaɗan ya shiga Sikotlan, wato ƙarƙashin 22, ko da ba wanda ya tsayar da shi ya duba fasfo. Inda tayar mota take shi ke hukunci. Garin da ya ɗauki hayar, ko ƙasar da ta ba shi lasisi, ba su da tasiri a nan. Rashin sani ma ba ya wanke mutum a irin wannan laifi, iyakarsa lauya ya ambace shi wajen roƙon sassauci.

Don haka ban ga ƙafar da ƙarar 'yan sanda za ta tsaya a kai ba. Da zarar an yi haɗari, ko na gogar fenti ne, suna da ikon gwada direba, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Idan akwai wani cin mutunci na daban da aka yi masa, wannan yana da hanyar koke tasa, amma ba zai goge 29 ba. Abin da ya kamata ka tambaye shi guda ne: a ina aka sami lambar? Na'urar bakin titi ta share fage ce kawai. Wadda kotu ke aiki da ita tana ofishin 'yan sanda, ana hurawa sau biyu a ɗauki wadda ta fi ƙanƙanta, kuma ana buga sakamakon a takarda. Lauyansa zai duba wannan kafin komai.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta jefa shi cikin ramin. Doka ba ta ƙirga kofi. Abin da ke cikin jini take aunawa, shi kuwa ya danganta da nauyin mutum, ko ya ci abinci, ƙarfin abin da aka zuba masa, girman kofin, da lokacin da ya wuce. Mutum biyu za su sha daidai wa daida, ɗaya ya tsallake ɗaya ya faɗa. Akwai ma waɗanda ake kamawa da safe saboda abin da suka sha da dare, domin barci da wanka da shayi mai kauri ba sa gaggauta fitarsa daga jiki. Duk lauyan da ya ba ka adadi ya ce wannan lafiya lau ne, ka nemi wani.

Kuma kowace ƙasa da nata. Faransa da Jamus 50 ne a jini, amma sabon direba a Faransa 20 ne, a Jamus kuwa wanda bai kai shekara 21 ba ko ɗigo ba a yarda ba. Suwidin da Norway da Poland 20. Hungary da Jamhuriyar Czech sifili, haka Dubai. Amurka 80, ban da jihar Utah da ta koma 50 a ƙarshen 2018. Ko kana ƙasa da iyaka ma ba ka tsira ba: sashe na 4 na waccan dokar tuƙi ta 1988 ya ba da damar gurfanar da wanda abin sha ya taɓa tuƙinsa, kowace lamba ya hura.

To mene ne abin yi? Ya nemi lauyan da ke aiki a Sikotlan, don tsarin shari'arsu daban yake da na Ingila. Idan takardar gwajin ba ta da aibi, ina kyautata zaton zai ba shi shawarar amsa laifi da wuri, tunda kotu kan rage hukunci saboda haka, kuma jayayya marar tushe kuɗi kawai take ci. Hana tuƙi na aƙalla wata 12 kusan ba makawa ne. Tara na iya kaiwa fam 5,000, ɗauri kuma wata shida, kodayake ga mai laifin farko da lamba irin wannan ban cika tsammanin ɗauri ba. Alƙali ne dai mai yankewa. Ya roƙi a ba shi damar kwas ɗin gyaran hali na direbobi, wanda kan rage har kashi ɗaya cikin huɗu na haramcin. Haramcin zai bi shi Newcastle, kuma lasisin Najeriya ba zai buɗe masa wata ƙofa ba. Kada wani ya koya masa ya ce an zuba masa ne bai sani ba. Ana karɓar wannan uzuri wani lokaci, amma da hujja, shi kuwa ya san abin da ya sha. Ranar sabunta biza kuma ya rubuta hukuncin a fom, domin ɓoyewar ta fi laifin haɗari.

Mai motar kuwa, da alama ya ga yaro a tsorace ne yake so ya ci kasuwarsa. Ku sani ƙarar ba a hannunsa take ba, a hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati take, don haka ko kun ninka masa kuɗin ba zai iya janye ta ba. Kada a ba shi ko sisi a hannu. A sanar da kamfanin hayar, inshora ta yi magana da shi, ya kawo ƙiyasin gareji a rubuce. Sai dai ku shirya, yarjejeniyar haya kan cire kariyarta ga direban da ya sha, kuma kamfanin na iya dawowa kan ƙanenka. Idan ta kai ga haka, sulhu a rubuce da biya kaɗan-kaɗan ya fi muku shiga wata kotun.

Ranar da aka ba shi kuwa, ko da jarrabawa ce da shi ya sanar da makaranta ya je, domin idan aka kira sunansa ba ya nan, kotu na iya ba da takardar kamo shi.